Hula Mai Tukkaye: Tarihin Wata Saƙar Maza a Duwatsun Kamaru

Wata ranar Lahadi ina tsaye a bakin ƙofar majami'a ina gaisawa da jama'a kafin a fara sujada, sai ga wani dattijo baƙo ya iso. Yana ɗaya daga cikin mutanen yankin Bamenda waɗanda tashin hankalin da ya soma a 2016 ya raba da gidajensu, suka zo suka sami mafaka a garinmu. A kansa akwai wata hula saƙaƙƙiya, shuɗi da fari, wadda ta yi tsiro a gefe biyu kamar 'yan yatsu. Da ya zo bakin ƙofa sai ya tsaya, ya sa hannu biyu ya cire ta, ya riƙe ta a ƙirji, sa'an nan ya shiga. Yaran ajin baftisma da ke zaune a bencin baya suka fashe da dariya, wani ya ce wai tsohon ya ɗauko bushiya ya ɗora a kai.

Bayan an tashi na je na ba shi haƙuri. Na tarar yana jin Hausa sarai, gama a kasuwar Abakwa ya yi ƙuruciyarsa. Na ce, "Baba, ka yi wa yaran nan gafara, ba su taɓa ganin irinta ba." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba laifinsu. Jikokina ma ba su san ma'anarta ba. Ƙanen mahaifina ne ya saƙa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai na fito da ita daga gida."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin a cikin wannan aji akwai wani yaro maraya wanda kakarsa ta koya wa saƙar kwarashi. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, amma a ɓoye yake yi, gama tsaransa suna ce masa aikin mata ne. Akwai kuma samarinmu da suke gudun hula baki ɗaya, wai ba suturar Kirista ba ce. Tarihin hular wannan dattijo yana da amsa ga duka biyu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi.

Ƙasar da hular ta fito

A yammacin Kamaru akwai ƙasa mai tuddai da ciyawa da sanyi, inda dutsen Oku ya kai tsawon mita 3,011. Tun kafin zuwan Turawa akwai masarautu da yawa a wurin, kamar su Bali, Bafut, Mankon, Kom, Nso, Bamun, da garuruwan Bamileke. A yawancinsu ana kiran sarki Fon. Kowane Fon yana da fada, da fadawa, da ƙungiyar manya wadda take tsare doka, da masu sana'a na fada: masassaƙa, maƙera, masu ɗinkin duwatsun ado, da masaƙa.

Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Fatake sun daɗe suna zuwa sayen goro, musamman na Nso, suna kaiwa arewa ta hanyar Banyo. Su ne kuma suke kawo shuɗin zanen nan mai zanen fari daga Wukari, wanda sarakunan wurin suka ɗauka zanen sarauta, suna kiransa ndop. Da Jamusawa suka kafa barikinsu a Bamenda a 1902, Hausawa suka yi zango a gindin tudun, aka kira wurin Abakwa, sunan da har yau mutane suke kiran tsohon garin da shi. To, kakannin waɗansu masu karanta wannan rubutu sun ga hular da nake magana a kanta da idonsu, a kan manyan da suke ciniki da su.

Yadda hular take da abin da take faɗi

A waɗansu wurare ana kiranta ashetu. Da zaren auduga ake yinta, wani lokaci a haɗa da zaren tukurwa. Tana kama kai sosai, tsakiyarta a shafe daga goshi zuwa ƙeya, amma dama da hagu an jera tukkaye masu yawa. Kowane tukku ɗan bututu ne da aka saƙa shi dabam, aka cusa masa guntun itace a ciki domin ya tsaya kyam. Launukan da aka fi so su ne shuɗin baba, da fari, da ja.

Tukkayen nan ba ado kawai ba ne. A zamanin dā manyan ƙasar sukan yi wani irin gyaran gashi, a ɗaure shi ƙulli-ƙulli a gefen kai. Wanda ya dubi tsofaffin gumakan sarakuna da fuskokin itace da masassaƙan ƙasar suka bari zai ga kawunan da irin wannan tsiro. Hular ta kwaikwayi gashin ne, ta zama gyaran kai wanda mutum zai iya sawa ya kuma cire.

Tsoffin masu yinta ba su yi amfani da kwarashin ƙarfe irin wanda muka sani ba. Akwai wata tsohuwar saƙa ta allura ɗaya, inda ake zura zaren gaba ɗaya cikin kowane madauki a ja shi, sa'an nan a wuce zuwa na gaba. Aiki ne mai cin lokaci, amma yana da ƙarko, gama ko zare ya tsinke a wuri ɗaya saƙar ba ta warwarewa. Abin lura a nan shi ne, a fadojin ƙasar nan saƙa da ɗinkin ado aikin maza ne, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, inda masaƙi da marini da maɗinkin babbar riga duk maza ne.

Ba kowa ke da izinin sa irin wannan hula ba. Ta Fon ce da 'ya'yan sarki da masu sarauta. Talaka da ya ɗora ta ba tare da an ba shi ba ya jawo wa kansa shari'a. Akwai kuma baƙar hula ta zaren itace wadda dattawa suke sawa, ita ma tana da nata alamu. Idan Fon yana so ya girmama mutum saboda jaruntaka ko wani aikin kirki, sai ya soka masa jan gashin tsuntsu a hula, wani kuma a ba shi ƙayar beguwa. Jan gashin na wani tsuntsu ne mai jan fiffike da ke zaune a kurmin duwatsun Bamenda, ba a samunsa a ko'ina a duniya sai can, kuma saboda saran kurmi ya shiga cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Saboda haka a ƙasar nan, kafin mutum ya buɗe baki, hularsa ta riga ta faɗi ko shi wane ne, da inda zai zauna, da wanda zai fara gaishe shi.

Sarki Njoya da rawani

Ba wanda rayuwarsa ta nuna yadda suturar kai take bin sauyin zamani kamar Njoya, sarkin Bamun, mai fada a Fumban. Ya gaji sarauta yana yaro wajen 1886. Da wani babban bafadensa ya yi masa tawaye, sai ya nemi taimakon Lamidon Banyo, mahayan Fulani suka zo suka cece shi. Daga nan malamai da fatake Hausawa suka sami gindin zama a Fumban. Jamusawa suka iso a 1902, 'yan mishan na Basel kuma a 1906. Njoya ya karɓe su, ya bar su suka buɗe makaranta, yakan saurari wa'azi, amma bai karɓi baftisma ba, gama an ce sai ya rabu da matansa ya bar ɗaya.

Hotunansa suna nan har yau. A wani yana cikin suturar kakanninsa, a wani yana cikin kayan soja irin na Jamus, a wani kuma yana cikin babbar riga da rawani kamar sarkin Hausa. Bayan da aka kori Jamusawa a lokacin yaƙin duniya na farko ya karkata ga Musulunci, rawani ya zama suturar fadar Fumban. Mutum ne mai hikima: ya ƙirƙiro wa harshensa rubutu, ya rage alamunsa daga ɗaruruwa zuwa 80, ya kuma kafa masaƙa da marina a fada domin kada mutanensa su dogara ga zanen waje. Faransawa suka raba shi da ƙasarsa a 1931, ya rasu a Yawunde a 1933. Daga labarinsa muna gani cewa mutanen ƙasar nan suna da hula tun kafin malami ko mai bishara ya taka ƙasarsu. Rawani ne ya zo daga baya, haka kuma hular kwano ta Bature.

Daga ina kwarashi ya zo?

Kalmar kwarashi daga Faransanci take, ma'anarta ɗan ƙugiya. Saƙar da ake yi da shi ba tsohuwa ba ce kamar yadda mutane suke zato. A farkon ƙarni na 19 ta bazu a Turai, kuma wata mujallar mata ta ƙasar Holan ce ta fara buga bayanin yadda ake yinta wajen 1823. Bambancinta da saƙar kibiya biyu shi ne, mai kibiya yana riƙe da madaukai da yawa a lokaci ɗaya, mai kwarashi kuwa madauki ɗaya ne a ƙugiyarsa, yana gama shi kafin ya kama wani. Wannan ya sa take da sauƙin koyo, kuma tana da daɗin yin abu mai zagaye kamar hula.

Yunwa ce ta ɗaukaka sana'ar. A 1845 cuta ta kama dankalin ƙasar Ayalan, wanda shi ne abincin talakawa, aka yi shekaru ana yunwa har mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu. Sistoci da matan fastoci suka shiga koya wa matalauta saƙar kwarashi, ana sayar da abin da suka saƙa a Ingila da Amurka, gidaje da yawa suka tsira da wannan ɗan ƙugiya. Ko Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta iya saƙar, har a tsufanta ta saƙa mayafan wuya guda 8 aka ba sojojin da suka yi fice a yaƙin Afirka ta Kudu. Tun daga lokacin nan Ikilisiyoyin Turai suka ɗauki kwarashi abin yaƙi da talauci, kuma da wannan tunani matan mishan suka zo da shi Afirka.

'Yan mishan na Basel sun karɓi aikin bishara a Kamaru a 1886, suka hau tudu suka kafa tasha a Bali a 1903. A Fumban wata malama 'yar Suwizalan, Anna Wuhrmann, ta riƙe makarantar 'yan mata daga 1911 zuwa 1915. Fadan Katolika kuma suka sauka a Shisong ta ƙasar Nso a ƙarshen 1912. Tsarin makarantun mishan na wancan zamani kusan ɗaya ne a ko'ina: yara maza su koyi kafinta da gini da noma, 'yan mata su koyi ɗinki da saƙa da kula da gida. Ni ma abin da na tarar ke nan a makarantar mishan da na yi. Daga wannan rabo ne muka gaji zancen cewa saƙa aikin mata ne. Al'adar Turawan wancan lokaci ce, ba umarnin Littafi Mai Tsarki ba, ba kuma al'adar kakanninmu ba. Masu yin hula a duwatsun Kamaru kuwa, da suka ga ƙugiyar tana rage musu wahala, sai suka karɓe ta suka ci gaba da fitar da tukkayensu da ita. Haka ma a ƙasar Hausa, farar hular nan da ake kira tashi-ka-fiye-naci ta samu shiga ko'ina. Kwarashi baƙo ne, amma hula 'yar gida ce.

Hula a bakin ƙofar majami'a

Dole mu faɗi gaskiya, zuwan bishara ya girgiza darajar hular sarauta. Sarauta a ƙasar nan tana tafe da shiga ƙungiyoyin fada, da zuba wa kakanni giya, da yanka. 'Yan mishan suka hana masu bi waɗannan abubuwa, saboda haka wanda ya zaɓi baftisma sau da yawa ya bar gadon ubansa, ya bar hular da ke tafe da shi. Ba ƙaramar hasara ba ce ga mutum a cikin danginsa.

Rigimar ta yi zafi bayan yaƙin duniya na farko. Samarin da suka yi wa Jamus aikin soja, aka tsare su a tsibirin Fernando Po, da yawansu sun dawo gida da bangaskiyar Kirista, a lokacin da babu fada ko fasto Bature a ƙasar. Su suka riƙe aikin. A Kom, wani katikis mai suna Michael Timneng ya tara masu bi a Njinikom, ya yi ta fama da Fon Ngam, har aka ɗaure shi. Matan sarki suna gudu daga fada zuwa unguwar masu bi, samari suna ƙin dokar ƙungiyar manya. A idon Fon wannan tawaye ne, a idon masu bi kuwa biyayya ce ga Sarkin da ya fi kowane sarki.

A cikin majami'a kuma aka ga wani sabon abu. Bisa ga koyarwar Manzo Bulus a sura ta 11 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, maza suna yin addu'a da kai a buɗe. To, a ƙasar da hula take raba babba da ƙarami, sai ga ɗan sarki da ɗan bawa a benci ɗaya, ba mai kome a kansa. Ina ganin wannan wa'azi ne wanda ko wanda bai iya karatu ba ya gane shi. Amma a lura, cire hula a gaban Ubangiji ba ya nufin hula ƙazanta ce. A Littafin Fitowa sura ta 28 Allah da kansa ya umarta a yi wa Haruna rawani, a yi wa 'ya'yansa huluna. Mutum yana cire abin da yake da daraja ne domin ya nuna akwai wanda ya fi shi daraja. Abin da dattijon nan ya yi ke nan a ƙofarmu, yaranmu suka yi masa dariya.

Ikilisiya ta komo ta riƙe sana'ar

Shekaru suka wuce, samari suka tafi makaranta da gonakin ayaba na bakin teku, kayan kanti suka cika kasuwa, tsoffin masu sana'a suna mutuwa ba magada. A 1957 Ikilisiyar da 'yan Basel suka kafa ta sami 'yancin kanta da sunan Ikilisiyar Presbiteriya ta Kamaru. A 1961, shekarar da yankin ya haɗu da sauran Kamaru, wani fasto ɗan Suwizalan mai suna Hans Knöpfli ya kafa cibiyar sana'ar hannu ta Ikilisiyar, wadda aka sani da Prescraft. Nufinsa biyu ne: yaran da suka gama firamare ba aiki su sami abin yi, sana'o'in kakanni kuma kada su ɓace. Aka nemo tsoffin gwanaye suka koya wa yara sassaƙa, da saƙar tukurwa, da kwanduna, da ginin tukwane, ana sayar da kayan har Turai. Shi kansa ya zauna da masu sana'a ya rubuta littattafai a kan aikinsu.

A wajen Katolika ma, bayan babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofa ga harsuna da kiɗa da suturar gida a cikin sujada. Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya ziyarci Bamenda a 1985, ya kuma komo Yawunde a 1995 ya sa hannu a kan wasiƙarsa game da Ikilisiya a Afirka, wadda ta ƙarfafa cewa bangaskiya ta yi saiwa a cikin al'adun mutane. Jikokin waɗanda suka ajiye hula saboda baftisma suka ɗauke ta kuma, ba tare da sun koma ga yanka ba. Dokar da ta hana talaka sa hula mai tukkaye ta yi sauƙi, har ana saƙa irinta da zaren ulu domin kasuwa, ko da yake jan gashin tsuntsu na hannun Fon ne har yanzu.

Abin da ya rage gare mu

Wanda yake so ya gwada, aikin ba shi da tsada: kwarashi ɗaya da ƙunshin zare biyu sun isa. Daga tsakiyar kai ake farawa da ɗan zobe, ana ƙara madaukai a kowane zagaye domin saƙar ta baje kamar faifai. Kewayen kan babban mutum yakan kai santimita 56 zuwa 58, na yaron makaranta kuwa 51 zuwa 54. Idan faɗin faifan ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kewayen kan, sai a daina ƙari, saƙar da kanta za ta lanƙwaso ta zama hula. Domin a fitar da ƙulli, ana soka ƙugiya sau huɗu ko biyar a rami ɗaya, a tattara madaukan a rufe su tare. Domin a fitar da kunya kamar ta gona, ana zagaya jikin madaukin ƙasa maimakon a soka ta bakinsa. Har yau ba a sami injin da ke yin ainihin wannan saƙa kamar yadda hannu yake yi ba, saboda haka kowace hular kwarashi da ka gani a kasuwa, wani ne ya zauna ya yi ta.

Ya ku dattawan Ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, muna da samari da yawa da suka gama makaranta suna zaman jiran aikin ofis. Manzo Bulus maɗinkin alfarwa ne, da hannunsa ya ci abinci, bai ga wannan ya rage masa manzanci ba. Hausawa sun ce babu maraya sai rago. Idan uwa ta iya kwarashi, ta koya wa ɗanta kamar yadda take koya wa 'yarta. Idan yaro ya nuna hannu, kada mu bar tsaransa su kashe masa zuciya da ba'a. Lokacin hunturu yana zuwa kowace shekara, kuma kowane uba da ɗansa suna bukatar abin rufe kai.

Asabar ɗin da ta biyo na roƙi dattijon ya zo ajin baftisma. Ya zo da hularsa, ya bar yaran suka taɓa ta ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu wanda ya yi ta da ranar da aka ɗora masa ita. Wanda ya yi zancen bushiya ya durƙusa ya ce, "Kaka, ka yafe mini." Marayan nan kuwa ya daɗe yana juya ta, yana leƙa cikinta yana ƙirga madaukai. Bayan mako uku ya kawo tasa, tukkaye shida a kowane gefe, da tsinken tsintsiya a ciki maimakon itace. Ta yi wa dattijon kaɗan, sai ya ɗora wa yaron a kai da hannunsa ya ce, "Jikana, ka ƙara madauki goma, ka kawo mini wata." Yanzu yara huɗu ne suke zama tare da shi bayan aji, biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda suka yi dariya. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwansu. Amin.